Tiyatar Sauya Faifan Ƙashin Baya: Wanda Ta Dace da Shi, Inda Za a Nufa da Yadda Ake Lissafa Kuɗinta

Yawancin waɗanda suka fara jin labarin tiyatar sauya faifan ƙashin baya sun ji shi ne bayan an miƙo musu sakamakon hoton MRI, wato hoton da ke nuna faifai da jijiyoyin cikin jiki, an ce musu faifai ya goce ko ya zaizaye, sannan wani daga cikin 'yan uwa ya ce ai ya san wanda aka kai Indiya aka sa masa sabo. Daga nan sai gida ya shiga lissafin filin da za a sayar, tun kafin a zauna da likitan da zai tabbatar da cewa ciwon yana buƙatar wuƙa. Wannan bayani an yi shi ne domin a gyara wannan jeri, a fara da abin da ya kamata a fara da shi, domin tiyatar nan tana da amfani ƙwarai ga wanda ta dace da shi, amma waɗanda ta dace da su kaɗan ne cikin masu fama da ciwon baya da na wuya.

Abin da ake kira faifai

Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne 33 da aka ɗora ɗaya kan ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a ƙasa. Tsakanin waɗanda ke motsi akwai matashi guda 23, su ne ake kira faifai. Kowane faifai yana da ɓawo mai tauri mai zare-zare, a tsakiyarsa kuma akwai wani abu mai laushi kamar kamu wanda mafi yawansa ruwa ne. Aikinsa shi ne ya shanye nauyi da girgiza, ya kuma bar mutum ya sunkuya, ya waiwaya, ya yi ruku'u da sujada. A bayansa kaɗan ne laka take wucewa, jijiyoyin da ke zuwa hannuwa da ƙafafu kuma suna fita ta ƙananan kafofi a gefensa. Idan ɓawon ya tsage, abin cikin ya ɓullo ya danne jijiya, sai mutum ya ji zafi kamar wutar lantarki yana sauka daga ɗuwawu zuwa dunduniya, ko daga wuya zuwa yatsu, wani lokaci tare da mutuwar fata ko raunin gaɓa. A ƙugu abin ya fi faruwa a matakan da likitoci ke rubutawa L4-L5 da L5-S1, a wuya kuma C5-C6 da C6-C7, wato lambobin ƙasusuwa biyun da faifan yake tsakaninsu. Yana da kyau mai ciwo ya haddace nasa matakin, domin duk maganar da za a yi da likita, har da ta kuɗi, a kansa za ta tsaya.

Mataki na farko: kada takardar hoto ta tsorata ka

Zaizayar faifai abu ne da ke zuwa da shekaru, kamar furfura. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya nuna alamar zaizayar faifai a kashi 37 cikin ɗari na masu shekara 20, da kashi 96 cikin ɗari na masu shekara 80. Ma'anar wannan ita ce kalmomin da ke cikin takardar hoto su kaɗai ba sa wajabta tiyata. Likitan kirki yana haɗa abu uku: abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa, abin da ya gano da ya gwada ƙarfin gaɓoɓi da jin taɓi, sannan hoton. Idan hoton ya nuna matsala a dama alhali ciwon yana hagu, to ba a kama ɓarawon ba tukuna.

Bugu da ƙari, mafi yawan waɗanda faifai ya danne wa jijiyar ƙafa suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki da kansa yakan shanye ɓangaren da ya ɓullo. Shi ya sa ake fara da magani, da gashin ƙashi a hannun ƙwararru, da rage ƙiba, da barin taba, wani lokaci da allurar da ake yi kusa da jijiyar don rage kumburi. Ƙa'idar da aka bi wajen amincewa da faifan roba (na'urar da ake sawa a gurbin faifan da aka cire) a Amurka ita ce a gwada waɗannan hanyoyi na aƙalla wata 6 idan a ƙugu ne, ko mako 6 idan a wuya ne, sai dai idan rauni yana ƙaruwa. A nan dole a ja kunne game da magungunan kashe zafi da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba: shan diclofenac da ibuprofen na tsawon watanni yana kawo gyambon ciki yana kuma lalata ƙoda, tramadol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu. Haka nan, a guji kai gadon baya wurin maɗori a murɗa shi ko a taka shi, ko a yi sakiya a kansa, musamman idan akwai rauni a ƙafa.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sanin mutum ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko fatar tsakanin cinyoyi da dubura ta mutu, ko ƙafafu biyu suka fara rauni, wannan alama ce ta an matse tarin jijiyoyin ƙarshen laka, kuma tiyatar gaggawa ake yi cikin sa'o'i. Idan matsalar a wuya take, alamar haɗari ita ce hannu ya kasa ɓalla maɓallin riga ko riƙe alƙalami, tafiya kuma ta zama kamar ta mai maye. Ciwon baya da ke tare da zazzaɓin dare, da rama, da gumi, ko ƙusumbi da ya fara fitowa, yana sa a zargi tarin fuka na ƙashin baya, cutar da har yanzu ake yawan gani a asibitocinmu, kuma maganinta daban ne gaba ɗaya.

Mataki na biyu: san irin tiyatar da ake magana a kai

Mutane da dama suna kiran kowace tiyatar baya da sunan canjin faifai, alhali iri-iri ce, kuma kuɗinsu ya bambanta sosai. Wadda aka fi yi a ƙugu ita ce a yi ƙaramin yanka ta baya a cire guntun da ya danne jijiya kawai, a bar sauran faifan a wurinsa. Ba a sa ƙarfe, don haka ita ce mafi arha, kuma ita ce ta dace da yawancin masu ciwon da ke sauka ƙafa. Ta biyu ita ce a kankare ƙashin da ya ƙuntata hanyar jijiyoyi, wadda aka fi yi wa dattawa masu kasa doguwar tafiya. Ta uku ita ce a cire faifan a haɗe ƙasusuwan biyu da kusoshi da sanduna ko faranti su zama ɗaya, motsin wurin ya tsaya har abada; tun shekarun 1950 ake yin irinta a wuya ta gaba, kuma har yau da ita ake auna kowace sabuwar hanya. Ta huɗu ita ce wadda muke magana a kai, wato a cire faifan gaba ɗaya a sa na'ura mai motsi a gurbinsa.

Dalilin ƙirƙiro ta shi ne idan aka haɗe mataki ɗaya, nauyin motsi yakan koma kan faifan sama da na ƙasa. Wani likita ɗan Suwidin, Ulf Fernström, ya gwada sa ƙwallon ƙarfe tsakanin ƙasusuwa, ya ba da rahotonsa a shekarun 1960, amma ƙwallon yakan nutse cikin ƙashi. Faifan roba na zamani ya fito ne daga asibitin Charité da ke Balin ta Gabas, a Jamus, a farkon shekarun 1980, a hannun Kurt Schellnack da Karin Büttner-Janz, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004. Bayansa wani faifan ƙugu mai suna ProDisc-L ya samu amincewa a 2006, faifan wuya na farko a 2007, sai Mobi-C a 2013 wanda aka yarda a sa shi a mataki biyu na wuya. Yawancinsu faranti biyu ne na ƙarfen kobalt da kurom ko na taitaniyom, da roba mai tsananin ƙarfi a tsakani wadda farantin ke zamewa a kanta.

Ya kamata a bambanta wuya da ƙugu. A wuya, binciken da aka bi majinyata na shekara 7 zuwa 10 ya nuna cewa sauya faifai yana ba da sakamako daidai da haɗe ƙashi, wani lokaci ya fi shi ta fuskar rage sake komawa ɗakin tiyata. A ƙugu kuwa abin bai samu karɓuwa haka ba, domin aikin ya fi wuya, gyaransa idan ya lalace ya fi haɗari, kuma ba ya da sauƙi a tabbatar cewa faifai ɗaya ne tushen ciwon ƙugu. Shi kansa faifan roba na Charité an daina sayar da shi, inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi kuma ba ta biyan sauya faifan ƙugu ga wanda ya haura shekara 60. A ganina, duk wanda aka yi wa tayin sauya faifan ƙugu ya nemi ra'ayin likita na biyu kafin ya biya ko sisi.

Wanda ta dace da shi shi ne baligi wanda bai manyanta ba, mai ƙashi mai ƙwari, wanda matsalarsa ta tsaya a mataki ɗaya ko biyu, ƙananan mahaɗan da ke bayan faifan kuma ba su zaizaye ba. Ba a yi wa mai zaizayar ƙashi, ko wanda ƙashinsa ɗaya ya zame kan ɗaya, ko mai karkatar gadon baya, ko mai ƙwayar cuta ko ƙari a wurin, ko wanda jikinsa ba ya shiri da ƙarfen. Idan likita ya ce maka haɗe ƙashi ya fi dacewa da kai, kada ka ɗauka an ba ka tsohon yayi ne don talauci; sau da yawa shi ne aikin da ya fi aminci.

Mataki na uku: inda za a nufa

Likitoci iri biyu ne ke yin tiyatar gadon baya: likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, da likitan ƙashi wanda ya ƙara ƙwarewa a kan gadon baya. A Arewacin Najeriya wuraren da ake tura irin waɗannan majinyata sun haɗa da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato wanda yake da cibiya ta musamman ta tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, da asibitocin koyarwa na Jos da Maiduguri, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Kudu akwai asibitocin ƙashi na Igbobi a Legas da na Inugu, da Asibitin Koyarwa na Ibadan inda Farfesa Latunde Odeku ya kafa wannan fanni a Najeriya a shekarun 1960. A Nijar kuma manyan asibitocin Yamai ne ake nufa. Cire guntun faifai da haɗe ƙashi ayyuka ne da aka saba yi a manyan cibiyoyi, amma sauya faifai aiki ne da ba kowace cibiya ke yi a kai a kai ba, don haka sai an tambaya kai-tsaye.

Hanyar shiga ita ce a karɓi takardar turawa daga asibitin da aka fara zuwa, a yanki kati, a nemi ranar da sashen ke ganin majinyata. A tafi da faifan kwamfutar da hoton MRI yake ciki, ba takardar bayani kaɗai ba, domin likitan tiyata yana son ya duba da idonsa. Za a iya neman ƙarin hoton ƙashi da mutum zai sunkuyar da kai ya kuma ɗaga don a ga ko wurin yana rawa, da hoton CT, da gwajin ƙwarin ƙashi ga wanda ya manyanta ko macen da ta daina al'ada.

A gaban likita, kunya ba ta da amfani. Tambaye shi cikin ladabi: “Likita, sau nawa ka yi irin wannan aiki, kuma nawa ka yi a bara? Idan an buɗe aka ga faifan roba ba zai zauna ba, me za a yi? Wane kamfani ne ya ƙera na'urar, kuma za a kawo girma daban-daban a ranar? Idan na ƙi tiyata na ƙara wata uku, me zan yi asara?” A tambaya kuma ko akwai na'urar ɗaukar hoto a cikin ɗakin tiyata, wadda suke kira C-arm, domin faifan roba sai an zaunar da shi daidai tsakiya, kuma da ita ake dubawa, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da ajiyar jini, idan a ƙugu ne, ko akwai likitan jijiyoyin jini a kusa. Ana iya tabbatar da rajistar likita a Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, ƙwararren likitan tiyata kuma yakan kasance da shaidar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, ko makamanciyarsu daga waje. Likitan da ya ce maka aikin ba shi da haɗari ko kaɗan, ko ya ba ka tabbacin warkewa ɗari bisa ɗari, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi

Nan ne iyalai suka fi shan wahala, domin adadin da ake faɗa musu a baki da farko ba kasafai yake zama adadin ƙarshe ba. A Amurka kuɗin wannan tiyata dubun-dubatar daloli ne. A Najeriya ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, amma duk da haka magana ce ta miliyoyin naira, kuma asibitin kuɗi ya fi na gwamnati tsada sosai. Babban abin da ke ɗaga kuɗin shi ne na'urar kanta, wadda ba a ƙera ta a gida, da dala ko yuro ake shigo da ita. Domin a ga tasirin canji, a ɗauka a matsayin misali kawai cewa na'ura ɗaya dala 3,000 ce. Kafin a saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuɗinta bai kai naira miliyan ɗaya da rabi ba; da dala ta kai naira 1,500 a 2024, na'urar nan ɗaya ta koma naira miliyan huɗu da rabi, ba a taɓa kuɗin likita ko na gado ba. Wanda za a yi wa mataki biyu, na'ura biyu zai saya. Saboda haka farashin da wani ya biya shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne, kuma duk takardar farashi da aka ba ka, a rubuta ranar da za ta daina aiki.

Abin da ya kamata a nema shi ne takardar ƙiyasi a rubuce, kowane abu da kuɗinsa a gabansa. A sama a ga kuɗin na'urar da sunanta da kamfaninta, a kuma fayyace ko asibiti ne zai kawo ko majinyaci ne zai biya dillalin kayan kai-tsaye, kamar yadda aka saba a asibitocin gwamnati da yawa. Sai ladan likitan tiyata da mataimakansa, da na likitan sa barci, da kuɗin ɗakin tiyata da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a zubar, da kuɗin gado na kowane dare, da na ɗakin kulawa ta musamman idan an buƙace shi, wanda dare ɗaya a cikinsa yakan fi kwanaki da yawa a ɗakin gama-gari. Sai gwaje-gwajen kafin aiki: yawan jini da rukuninsa, da jinsin jini saboda sikila, da suga, da ƙoda, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da gwajin zuciya ga mai hawan jini. Shi hoton MRI kaɗai yakan ci dubun-dubatar naira, a wurare da dama ya haura dubu ɗari, kuma idan ya daɗe za a iya cewa a sake shi. Akwai kuma abubuwan da takardar asibiti ba ta ambata amma aljihu yana jin su: kuɗin mota, da masaukin ɗan jinya, da abinci, da magungunan gida, da gashin ƙashi na makonni, da hotunan bibiya, da watannin da mai neman abincin gida zai yi bai fita kasuwa ko gona ba.

Tambaya mafi muhimmanci a wurin akawun asibiti ita ce wa zai biya idan an samu tangarɗa, kamar ciwon ya yi ruwa, ko kwanciya ta ƙaru, ko aka koma ɗakin tiyata. A nemi amsar a rubuce. A tambaya kuma nawa ne kafin alƙalami, kuma za a mayar da shi idan aka fasa aikin saboda dalilin lafiya. Kowane biya a yi shi ta asusun asibiti ko na kamfanin kayan, a karɓi rasit. Kada a miƙa kuɗi a hannun wani a baranda komai kirkinsa. Hikima ce a ajiye wani abu a gefe ban da adadin ƙiyasin, domin wanda ya shiga da daidai-wa-daida yakan ƙare da cin bashi yana kan gado.

Mai inshorar lafiya, ko ta Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon shirin, ko ta jiha kamar ta Kano, ko ta kamfani, ya je ofishin mai kula da inshorarsa tun da wuri da takardar likita ya nemi amincewa a rubuce kafin aiki. Tsare-tsare da yawa suna biyan ganin likita da gwaje-gwaje da wani sashe na tiyata, amma suna cire na'urorin da ake dasawa a jiki ko su sa musu iyaka. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen jin daɗin jama'a da ke duba halin marasa ƙarfi, wasu jihohi kuma suna da hukumomin zakka. Duka biyun suna neman rahoton likita da takardar ƙiyasi mai hatimi.

Game da fita waje zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya, gaskiya ne cewa akwai cibiyoyin da suka yi wannan aiki sau da yawa a can. Sai dai a lissafa tikitin mutum biyu, da biza, da masauki na makonni kafin a yarda mutum ya hau jirgi, sannan a tuna cewa dillalan da ke haɗa majinyata da asibitoci suna da kamasho a kan kowane wanda suka kai, don haka ba su ne za su ce maka ba ka buƙatar tiyata ba. Wanda ya yanke shawarar tafiya ya fara samun likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba shi bayan dawowa.

Mataki na biyar: shiri da ranar aiki

Makonni kafin ranar, a daidaita suga da hawan jini, a bar taba gaba ɗaya, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon mafitsara idan akwai, domin ƙwayar cuta daga wani wuri tana iya bin jini ta sauka kan ƙarfen. A gaya wa likita kowane magani da ake sha, har da na gargajiya da na Musulunci, musamman asfirin da masu tsinka jini, kuma shi zai faɗi ranar dainawa. A shirya 'yan uwan da za su ba da jini. Ana daina cin abinci aƙalla sa'a 6 kafin a sa mutum barci.

Idan a wuya ne, ta gaba ake shiga, a yi ɗan yanka a kan layin fatar wuya, a kautar da maƙogwaro da hanyar abinci gefe, a cire faifan, a buɗa wa jijiya hanya, a sa na'urar. Mataki ɗaya yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu. Wahalar haɗiya da dishewar murya na kwanaki ko makonni abu ne da aka saba gani, kuma ga malami ko limami ko mai waƙa ya kamata a tattauna batun murya tun kafin aiki, domin jefi-jefi dishewar takan daɗe. Idan a ƙugu ne, ta ciki ake shiga, a bi ta gefen hanji a kautar da manyan jijiyoyin jini, shi ya sa zubar jini mai yawa yake cikin haɗarinsa. Ga namiji akwai wani haɗari da kunya ke hana tambayarsa: ana iya taɓa jijiyoyin da ke gaban ƙashin, maniyyi ya riƙa komawa cikin mafitsara, abin da ke shafar haihuwa. Wanda yake son ƙarin zuriya ya yi wannan magana da likita a fili. Sauran haɗuran sun haɗa da raunin jijiya, da gudan jini a ƙafa, da na'urar ta goce ko ta nutse cikin ƙashi, da sabon ƙashi ya tsiro ya kewaye ta har motsin da aka biya kuɗi dominsa ya ragu.

Bayan sallama

Akan tayar da majinyaci ya taka a ranar ko washegari, kwanciyar asibiti kuma ba ta cika wuce 'yan kwanaki ba idan komai ya tafi daidai. Mai aikin ofis da aka yi wa a wuya yakan koma aiki cikin mako 2 zuwa 4, na ƙugu kuwa yakan kai mako 6 ko fiye, manomi da ɗan dako da birkila su jira wata 3 ko abin da likita ya yanke. A makonnin farko a guji ɗaukar jarkar ruwa ko buhu ko goyo, a guji hawa babur da adaidaita sahu a hanya mai gargada, a tanadi masai na zama ko kujera mai rami maimakon tsugunno, a kuma kwanta a kan gado mai tsayi maimakon tabarma a ƙasa. Salla a yi ta a zaune a kan kujera har sai likita ya ba da izinin ruku'u da sujada, kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya. Tafiya a ƙasa kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ita ce motsa jikin da aka fi so a wannan lokaci.

A koma asibiti nan take idan wuya ya kumbura numfashi ya yi wuya, ko ciwon ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya taso, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko wani sabon rauni ya bayyana. Kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya a kemis. Kafin a bar asibiti a karɓi rahoton tiyata da takardar da ke ɗauke da sunan na'urar da girmanta da lambarta, a yi mata hoto a waya a kuma ajiye ta asali, domin za a nemi ta duk ranar da za a sake ɗaukar hoton MRI ko aka koma hannun wani likita. Ranakun bibiya yawanci mako 6 ne, sannan wata 3, sannan shekara ɗaya, kuma a kowace ziyara ana ɗaukar hoton ƙashi a kwatanta da na baya don a ga ko na'urar tana nan inda aka zaunar da ita.